Sentinel, Landsat ko radar: da wanne za a bibiyi ruwan ƙaramin dam?

Babban dam yana da masu kula da shi. Akwai injiniya, akwai littafin da ake rubuta tsayin ruwa kowace safiya, akwai ofishin da zai tambaya idan lissafi ya ɓace. Ƙaramin dam ba shi da ko ɗaya. An tare bakin rafi da ƙasa, 'yan kwangila sun kwashe motocinsu, daga ranar sai makiyaya da masu noman rani ke sanin halin da yake ciki, su ma da ido. A ƙa'idar hukumar ICOLD mai kula da manyan madatsun ruwa na duniya, sai dam ya kai mita 15 a tsayi, ko ya wuce mita 5 yana riƙe da ruwa sama da kubik mita miliyan 3, ake sa shi a layin manya. Waɗanda ba su kai nan ba su ne mafi yawa. Suna nan barbaje a arewa maso gabashin Brazil, da kudancin Indiya, da Burkina Faso, da arewacin Ghana, da Zimbabwe, kuma galibinsu ba wanda ya taɓa auna su tun ranar da aka gina su.

Wannan ne ya sa ake juyawa ga tauraron ɗan adam. Mutum ɗaya da kwamfuta zai iya leƙa dam ɗari uku kafin azahar, bai ƙona man mota ba. Sai dai kafin a zaɓi tauraro, akwai abin da ya kamata ya zauna a kai: tauraro faɗin ruwa yake gani, ba ya ganin zurfi. Dam biyu za su iya nuna hekta biyar-biyar a hoto, ɗaya kamar faranti, ɗaya kamar kwano. Na farko zai ƙafe tun tsakiyar rani, na biyu ya kai mutane har faɗuwar damina. Saboda haka zaɓin kashi biyu ne. Akwai zaɓin idon da zai auna faɗi, akwai kuma zaɓin hanyar da za a mayar da faɗin ya zama adadin ruwa. Mutane sun fi ɓata lokaci a kan na farko, alhali kuskure mafi girma a na biyu yake shigowa.

Girman ɗigo

Kowane hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kuma murabba'in fili ne a ƙasa wanda aka ba launi ɗaya. A Landsat ɗigon mita 30 ne kowane gefe, wato murabba'in mita 900. Hekta ɗaya ta ruwa ɗigo 11 ke nan. A Sentinel-2 ɗigon mita 10 ne, hekta ɗaya ɗigo 100. A hotunan kamfanin Planet, kusan mita 3, ɗigo sama da dubu. A MODIS kuwa, na'urar ɗaukar hoto da ke kan taurarin hukumar NASA ta Amurka, ɗigo ɗaya mita 250 ne, ya haɗiye hekta shida da kwata shi kaɗai.

Ka ɗauki dam mai hekta biyu ka buɗe shi a Landsat, ka matso da hoton. Abin da za ka gani ɗigo ashirin da 'yan kai ne. Huɗu ko biyar na tsakiya baƙi wuluk, babu shakka ruwa ne. Sauran duk na gefe ne, masu launin toka, rabinsu ruwa rabinsu taɓo ko ciyawa. Idan ka ƙirga su a ruwa, dam ɗin ya kumbura. Idan ka cire su, ya kusa ɓacewa. Ba hoton ne ya lalace ba, iyakar ganinsa ke nan. Ƙananan dam kuma ba su da kirkin siffa: suna da faɗi a wajen bango, sai su tsuke su yi doguwar jela zuwa inda rafi ke shigowa, wani lokaci jela biyu ko uku. Jelar nan mai faɗin mita 15 ba za ta fito a ɗigon mita 30 ba, a nan kuma ruwa ya fi saurin ja da baya.

Da wannan lissafin MODIS ya fita daga takara tun ba a je ko'ina ba. Yana wucewa kullum, yana da tarihi tun shekarar 2000, amma na manyan tafkuna ne.

Landsat: dattijon da ya ga jiya

Shirin Landsat na Amurka ya faro a 1972, kuma tun Landsat 5 da aka harba a 1984 ake da hotunan mita 30 a jere. A 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta. Yau Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 ke aiki, kowanne yana dawowa kan wuri bayan kwana 16, su biyun a haɗe kwana 8.

Darajarsa tarihi ce, kuma babu mai ja da shi a nan. Idan tambayarka ita ce, dam ɗin nan sau nawa ya cika a shekara talatin, ko a wace shekara aka gina shi, ko ya fi saurin ƙafewa yanzu fiye da da, Landsat kaɗai ke da amsa. Cibiyar bincike ta Tarayyar Turai ta riga ta tace hotunansa kusan miliyan uku, ta fitar da taswirar ruwan saman ƙasa ta duniya a 2016, wadda ke nuna inda ruwa ya zauna wata-wata tun 1984. Shirin Digital Earth Africa ma ya yi makamancin haka ga nahiyar Afirka. Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, ka duba waɗannan. Wataƙila rabin aikinka an riga an yi.

Amma tarihin yana da giɓi. Kafin 1999 akwai yankuna da dama, musamman a Afirka, da hotunansu suka yi ƙaranci saboda ba a ajiye su ba a lokacin. Landsat 7 kuma ya samu matsalar na'ura a watan Mayun 2003, daga nan hotunansa suka riƙa fitowa da zane-zanen da babu komai a cikinsu. A babban tafki zanen ba komai ba ne. A dam mai hekta uku, zane ɗaya zai iya share shi gaba ɗaya. A ganina Landsat ya fara zama abin dogaro ne daga hekta goma zuwa sama. Tsakanin hekta uku da goma zai gaya maka ko akwai ruwa ko babu, da ko ya yi rabi, amma kada ka gina lissafin ban ruwa a kansa.

Sentinel-2: wanda zan fara da shi

Sentinel-2 na shirin Copernicus ne na Turai. An harba na farko a Yunin 2015, na biyu a Maris ɗin 2017, na uku a Satumbar 2024. Suna dawowa kan wuri duk kwana biyar, hoto ɗaya yana ɗauke faɗin kilomita 290, kuma kyauta ne. Ga mafi yawan ƙananan dam, daga hekta ɗaya zuwa sama, wannan ne ya fi dacewa da aikin yau da kullum, kuma dalilin ba ɗigon mita 10 kaɗai ba ne. Kwana biyar ya yi daidai da saurin da ruwan dam ke sauka a rani. Sannan yankunan da ake maganarsu busassu ne: watannin da aka fi buƙatar sanin ragowar ruwa su ne watannin da sama take tas babu gajimare.

Yadda ake ware ruwa daga ƙasa a hoton ba shi da wuya. Ruwa yana shanye hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, ƙasa da ganye kuwa suna mayar da shi. Sai a gwada koren haske da infared a kowane ɗigo. Ma'aunin da wani masani mai suna McFeeters ya fitar a 1996, NDWI, yana amfani da infared na kusa. Wanda wani masanin mai suna Xu ya gyara a 2006, MNDWI, yana amfani da infared mai gajeren zango. Bambancin yana da muhimmanci a ƙaramin dam fiye da ko'ina, don ruwansa ba garau yake ba. Dabbobi sun dama shi, ruwan farko ya kwaso jar ƙasa ya zuba. Ruwa mai laka yana mayar da infared na kusa, sai NDWI ya ɗauke shi ƙasa ce. Infared mai gajeren zango bai cika ruɗuwa da laka ba. To amma ga inda gizo ke saƙa: a Sentinel-2 shi wannan hasken ɗigonsa mita 20 ne, ba 10 ba. Wato ko ka ɗauki kaifin gani ka haƙura da ruɗin laka, ko ka ɗauki mai jure laka hekta ɗaya ta koma ɗigo 25. Ni dai ga dam mai jan ruwa MNDWI nake zaɓa, ga mai tsabtataccen ruwa kuma ƙarami sosai NDWI. Wanda yake da lokaci ya gwada duka biyun a kan dam biyar da ya sani da ƙafarsa, ya ga wanda ya fi bin gaɓar.

Akwai abubuwan da ke yaudarar wannan ido, kuma gara ka san su tun wuri. Inuwar gajimare baƙa ce kamar ruwa. Inuwar dutse ma haka. Filin da gobarar daji ta cinye yana fitowa baƙi, har wani lokaci manhaja ta ba ka sabon dam a inda toka ce kawai. A ɗaya ɓangaren, kainuwa da bado da gansakuka suna rufe ruwa, tauraro ya ga kore ya ce gona ce. Dam ɗin da ciyawa ta cinye kashi ɗaya cikin uku na samansa zai riƙa nuna ƙasa da abin da ke cikinsa kowace rana, kuma babu dabarar lissafi da za ta gyara wannan gaba ɗaya. Maganin yawancin waɗannan mai sauƙi ne: ka zana iyakar kowane dam sau ɗaya, a lokacin da ya cika maƙil, ka hana manhaja neman ruwa a wajen iyakar.

Babban rauninsa damina ce. Wata biyu za su iya wucewa ba ka samu hoto ɗaya mai kyau ba, a daidai lokacin da dam ke cika. Haɗa shi da Landsat yana ƙara yawan ranakun. Hukumar NASA tana fitar da haɗaɗɗen hoto na su biyun a mita 30, wanda ke zuwa duk kwana biyu ko uku. Amma gajimaren da ya rufe wannan shi zai rufe wancan.

Radar: mai gani cikin gajimare

Sentinel-1, tauraron radar na shirin Copernicus, ba ya jiran hasken rana. Yana aika igiyar radar mai tsawon kusan santimita biyar da rabi, ya saurari abin da ya dawo. Igiyar tana ratsa gajimare, tana aiki dare da rana. Kwantaccen ruwa sumul yake, sai igiyar ta zame ta tafi gaba, ba ta dawo ba, wurin ya fito baƙi. Ƙasa mai kaushi da bishiyoyi suna mayar da ita, su fito da haske. An harba na farko a Afrilun 2014, na biyu a 2016, wanda ya daina aiki a Disambar 2021, sai aka harba na uku a Disambar 2024. Tauraro ɗaya kwana 12 yake yi kafin ya dawo, don haka a shekarun nan uku na tsakiya hotuna sun yi ƙaranci a wurare da yawa.

A takarda radar kamar ya raba gardama. A busasshen yanki abin ba haka yake ba, kuma nan ne na ga ana yawan zuzuta shi fiye da kima. Matsala ta farko iska ce. Da ta kaɗa ruwa ya yi ƙananan igiyoyi, saman ya yi kaushi, sai radar ya dawo da haske, dam ya ɓace daga hoton ko ya rage rabi. Ka buɗe hoto biyu da kwana 12 ne tsakaninsu: a na farko dam baƙi ƙirin, gefensa a fayyace, a na biyu ɓangaren da iska ke bugawa ya yi fari-fari ya saje da tudu. Wanda bai sani ba zai rubuta cewa ruwa ya ragu da kashi arba'in. Matsala ta biyu ta fi wannan: busasshen yashi da shafaffiyar ƙasa marar ciyawa su ma baƙi suke fitowa. A ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja ya bar fili sumul a kewayensa, radar ba ya iya raba ruwan da filin da kyau. Ta uku, hoton radar yana da ƙyasfi, wani irin barbaɗin fari da baƙi da dole a goge kafin a yi lissafi, gogewar kuma tana cinye gefe. Ana rubuta ɗigonsa mita 10, amma ainihin kaifin ganinsa kusan mita 20 ne.

Saboda haka radar abokin damina ne. A lokacin ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta fito, bambanci tsakanin ruwa da tudu ya fito fili, kuma shi kaɗai ke gani. Zai gaya maka makon da dam ya fara ɗaukar ruwa, da ko ya cika, da ko bango ya ɓalle bayan ruwan dare ɗaya. Ga dam ɗin da bai kai hekta biyu ko uku ba, ba zan dogara da adadin da ya bayar ba. Zan ɗauke shi a matsayin e ko a'a.

Hotunan saye

Kamfanin Planet yana da ɗaruruwan ƙananan taurari da ke ɗaukar kusan duk doron ƙasa kullum a mita uku. Akwai wasu kamfanonin da ke sayar da hoton da ɗigonsa bai kai mita ɗaya ba, amma sai an yi oda, kuma sau ɗaya ne ko biyu. Ga kududdufin da bai kai hekta ɗaya ba, Planet ne kawai zai ba ka jerin adadi mai ma'ana. Zuwansa kullum kuma yana sa a dace da ranar da gajimare ya ɗan yaye.

Abu biyu ke sa ni jan ƙafa. Kyamarorin ƙananan taurarin nan ba su da infared mai gajeren zango, wato matsalar ruwa mai laka tana nan daram. Sannan kuɗin shekara-shekara ne. Aikin bibiyar dam ba na wata shida ba ne. Amfaninsa yana fitowa ne a shekara ta biyar, lokacin da za a iya cewa bana ta fi bara muni. Ayyuka da yawa suna farawa da tallafi, tallafi ya ƙare, lasisi ya mutu, jerin ya tsinke. Wanda zai saya ya fara tambayar kansa wa zai biya bayan shi.

Masu auna tsayin ruwa daga sama

Akwai taurarin da ke auna tsayi maimakon faɗi. ICESat-2 na 2018 yana harba hasken leza ƙasa, awonsa yana da kaifi ƙwarai, amma siririn layi yake bi, kuma zagayensa kwana 91 ne. Sai dam ɗinka ya yi sa'ar faɗowa kan layin. SWOT, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa da aka harba a Disambar 2022, yana auna faɗi da tsayi tare duk kwana 21, amma an tsara shi ne don tafkunan da suka kai mita 250 a kowane gefe, hekta shida da kwata ke nan. Ga manyan cikin ƙanana ya cancanci a duba. Ga sauran, ƙari ne idan an samu, ba abin da za a kafa tsari a kai ba.

Daga faɗi zuwa adadin ruwa

Nan ne ainihin aikin yake. Hanya mafi sauƙi ita ce aron lissafin da wasu suka riga suka fitar. Wanda aka fi ambata shi ne na wani mai bincike, Liebe, da abokan aikinsa a 2005, waɗanda suka shiga kwalekwale suka auna zurfin ƙananan dam 61 a yankin Upper East na Ghana. Sun samu cewa adadin ruwa a kubik mita ya yi daidai da 0.00857 sau faɗi a murabba'in mita, bayan an ɗaga faɗin zuwa ƙarfin 1.4367. Da wannan, dam mai hekta goma yana riƙe da kubik mita kusan 130,000, mai hekta biyar kusan 48,000, mai hekta biyu kusan 13,000.

Ka lura da abin da lambobin ke faɗa. Faɗi ya ragu da rabi, ruwa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Mai kallon dam daga bango yana ganin har yanzu akwai rabi, alhali abin da ya saura bai fi kashi 37 cikin ɗari ba. Ido ba mudu ba ne, a nan kuma ko kimar bai sani ba. Haka nan kuskuren kashi 10 a faɗi yana zama kusan kashi 15 a adadin ruwa, wanda ya mayar da mu ga ɗigon gefen nan masu launin toka.

Matsalar aro ita ce lissafin ɗan ƙasarsa ne. An fitar da shi a fili mai sauƙin gangare. Ka kai shi ƙasar duwatsu inda kwari ke da zurfi da ƙunci, zai rage maka ruwa. Ka kai shi shimfiɗaɗɗen fili, zai ƙara. Binciken da aka yi a Zimbabwe da Brazil ya fitar da nasa lambobin daban, saboda ƙasar daban ce. Ko a inda ya dace, ya fi kyau wajen jimillar dam ɗari fiye da dam ɗaya, domin kuskuren wannan yana cinye na wancan. Sannan dam yana cikewa. Kowace damina tana kawo yashi da laka su kwanta a ƙasa, faɗin sama bai canja ba, zurfi yana raguwa. Tauraro zai ci gaba da nuna hekta biyar a dam ɗin da ya yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na cikinsa.

Wasu suna komawa ga taswirar tudu da kwari ta tauraro, kamar SRTM da aka ɗauka a Fabrairun 2000, ko ta Copernicus mai mita 30. Idan an gina dam bayan ɗaukar taswirar, siffar kwarin tana ciki. Dabara ce mai kyau ga babban dam. Ga wanda zurfinsa duka mita uku ne, kuskuren taswirar a tsaye zai iya kai zurfin dam ɗin kansa.

Hanyar da na fi yarda da ita tana buƙatar sanda mai lamba da mutum ɗaya mai waya. A kafa ma'aunin a wuri mafi zurfi kusa da bango, a samu wanda zai ɗauki hotonsa a ranakun da Sentinel-2 ke wucewa. Gaɓar ruwa a kowace rana layi ce mai tsayi ɗaya a duk kewayen dam. Yayin da ruwa ke sauka cikin rani, tauraro yana zana maka layukan ɗaya bayan ɗaya, sanda tana gaya maka tsayin kowanne. Rani ɗaya ya isa ka samu siffar cikin dam daga cikarsa har inda ruwa ya tsaya, ba tare da kwalekwale ba.

A ce a farkon wata faɗi hekta takwas ne, a ƙarshensa bakwai, sanda kuma ta nuna ruwa ya sauka santimita 30. Matsakaicin faɗi murabba'in mita 75,000, sau 0.3, kubik mita 22,500 suka tafi. A ce zafi da iska suna ɗauke milimita 7 a rana, abin da ba baƙo ba ne a ƙasa mai zafi da bushewa. A kwana 30 santimita 21 ke nan. Ragowar santimita 9 kacal, kubik mita 6,750, su ne abin da mutane da dabbobi da injin ban ruwa suka ɗiba, haɗe da wanda ya tsiyaye ta ƙasa. Irin wannan lissafin yana sauya magana a taron masu amfani da dam, inda kowa ke zargin ɗan'uwansa da shanye ruwa.

Idan dam yana ƙafewa ƙaf, akwai mafi sauri: jirgi marar matuƙi ya zagaya shi a ƙarshen rani, ko mai awon ƙasa ya taka shi da na'urarsa, a samu siffar cikinsa cikin yini ɗaya. Idan ba ya ƙafewa, ƙaramar na'urar auna zurfi da amon sauti a kan kwalekwale ta wadatar. A maimaita bayan 'yan shekaru, bambancin shi ne yawan lakar da ta kwanta.

To wanne za a ɗauka?

Ya danganta da yawan dam ɗin da ke hannunka. Mai dam ɗaya ko biyu da yake iya zuwa, sanda mai lamba ta fi kowane tauraro. Sentinel-2 na rani ɗaya kawai yake buƙata don ya san faɗin da ke tafiya da kowane tsayi, daga nan karatun sanda ya ishe shi. Mai kula da dam hamsin zuwa ɗaruruwa ya kafa tsarinsa a kan Sentinel-2, ya cike giɓin damina da Sentinel-1, ya ɗauko Landsat sau ɗaya don sanin tarihin kowanne. Duk ukun suna cikin Google Earth Engine da dandalin Copernicus, inda ake yin lissafin a can, a sauke ƙaramin jadawali kawai, abin da ke da amfani ga mai raunin intanet. Wanda damuwarsa ƙananan ramuka ne da ba su kai hekta ɗaya ba, ko ya sayi hoton mita uku, ko ya yarda cewa abin da zai sani shi ne akwai ruwa ko babu da ranar da ya ƙafe. Wannan ma ba ƙaramin sani ba ne ga mai tsara inda tankar ruwa za ta fara zuwa.

Idan akwai ɗan kuɗi kuma dole a zaɓi wuri ɗaya da za a sa shi, ni ba zan sayi hoto ba. Zan zaɓi dam goma sha biyar ko ashirin masu girma da siffa daban-daban a yankin, in auna zurfinsu, in kafa musu sanda, in fitar da lissafin faɗi da adadi na wannan ƙasar, sannan in yi amfani da shi a kan sauran da hotunan kyauta. A rahoton kuma kowane adadi ya zo da tazararsa, a rubuta kubik mita 40,000 zuwa 55,000 maimakon 48,312, tare da ranar hoton ƙarshe da aka gan shi babu gajimare.